Gaban Motar Albasa

Ko da tsufa zai kai ni ga manta abin da na ci da safe, in riƙa kiran jikoki da sunan iyayensu, tafiyar nan da na yi daga Boɗinga zuwa Shagari ba za ta fita raina ba. Waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, amma wallahi har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, in ja mayafi in rufe fuska, ko da ni kaɗai ce a ɗaki.

A lokacin Turawa ne ke riƙe da ƙasa. Ni 'yar Shagari ce, aka kai ni aure Boɗinga gidan wani tela, kuma ina ɗauke da cikin fari. Al'adarmu, mace ba ta haihuwar fari a ɗakin miji. In ciki ya fara tsufa sai a mayar da ita gaban iyayenta, ta haihu can, ta yi wankanta, ta murmure, sannan a dawo da ita. Shi ne goyon ciki. Tafiyar ba wata tafiya ba ce, mai ƙafa in ya yi sammako zai kai da rana. Amma shirinta ya ci mu makonni, kuma a kan ƙarya aka ɗora shi tun daga tushe.

Yaran yanzu ba za su gane ba, su da ke zuwa awo da miji a gefe, ana hirar ciki kamar ana hirar farashin gero. Mu a zamaninmu cikin fari abin ɓoyo ne. Ba ka faɗa, ba a tambayarka a fili, in aka yi zancen a gabanka sai ka tashi ka bar wurin. Ni kuwa doguwa ce, cikin bai fito sosai ba, sai na riƙa ɗaura zani sama ina rufawa da mayafi. A gidan akwai ƙanwar mahaifin maigidana, muna kiran ta Gwaggo, tsohuwa mai faɗa da baki amma mai tsabtar zuciya, kuma ita ke karɓar haihuwa a unguwar. Wata rana ina surfe ta tsaya a kaina, ta yi min kallon sama da ƙasa.

"Ke ɗiyar ga, aje taɓaryar nan. Wata nawa ke nan?"

Na ce ban sani ba. Ta ce ba ta tambayi jaki ba, mutum ta tambaya. Ta matsa, ta matsa, har na ga ba mafita. Na san lissafina sarai, babu abin da ya ɓace mini. Amma in na faɗi gaskiya, kowa zai ƙirga ya ga ai daga kawo ni gidan ne, ko lallen hannuna bai gama gogewa ba, kuma na san irin tsiyar da matan gidan za su yi mini a bakin murhu. Sai na sunkuyar da kai na zabge wata biyu na faɗa mata saura. Ta ce, "To, da sauran lokaci ke nan. A bari a kwashe albasa." Na koma ga turmina ina jin daɗi wai na tsira.

Da aka kwashe albasa, zafi ya sauka, sai maigidana ya ɗauki shirin tafiya ya ɗora wa kansa. Allah ya jiƙan Malam, mutum ne da ba ya yanka ƙyalle sai ya auna ya sake aunawa, kuma haka yake yi da komai. Shi ma ba ya iya ambaton cikin. In zai yi zancen sai ya juya mini baya yana gyaran zare a keken ɗinki, ya ce "tafiyar nan taku". Da fari ya ce jaki. Ya kwana ya tashi ya ce a'a, jaki yana da taurin kai, in ya ga abin da bai yi masa ba sai ya yi tsalle. Wani maƙwabci ya ba da aron raƙumi, Gwaggo ta ce ita ba za ta bi ɗiyar mutane a ƙasa tana kallon ta a sama kamar tulu a kan rumbu ba. Aka yi zancen tafiyar ƙafa a hankali, a yada zango a wani ƙauye a kwana. Ya ce rana ta yi yawa, kuma bai san mutanen ƙauyen ba. Kullum da sabuwar shawara, ni kuwa ina jin ɗan mutum yana ta sauka ƙasa a jikina, ina cewa "duk yadda ka yi, Malam".

Ƙarshe ya tsaya a kan mota. Akwai wata babbar mota mai bodin katako da ke fitowa daga birni ranar kasuwar Boɗinga, ta ɗebi buhunan albasa ta bi hanyar Jega, kuma ta Shagari take wucewa. Mutane kan hau baya, a kan buhuna. Gaba kuwa, kusa da direba, wurin mutum biyu ne, akwai kujera mai laushi da rufi, kuma ba kowa ake ba ba. Malam ya ɗinka wa direban riga mai aiki a wuya, ya kai masa har tasha, ya ce alfarma yake nema, a ajiye masa gaban mota kasuwa mai zuwa. Ya dawo yana walƙiya. Ya aika da itacen wanka da gero da yaji a kan jakuna tun da wuri. Ya ɗinka mini ɗan matashi ya cusa audugar rimi, wai in jingina. Ya ce za a tashi bayan azahar, kafin la'asar ta yi sanyi mun isa. Gwaggo ta aika wa mahaifiyata ta bakin mata cewa ga ranar da za mu zo. Maza ba a gaya musu irin wannan, sai dai su ga mutum a gida.

Abu guda ne Malam bai yi ba. Da direba ya tambaye shi wa za a ajiye wa wurin, bakinsa bai iya cewa matata ce, kuma ga halin da take ciki ba. Sai ya ce, "Mutanen gidan surukaina na, na Shagari, su biyu." Direba ya ce ai ya san gidan, an gama.

Ranar tafiya na tashi da ciwon baya, wani irin ciwo da ke zuwa ya murɗa ya saki. Na ce wa kaina kwanciya ce ba daidai ba. Gwaggo ta ga ina dafa bango, ta ce lafiya? Na ce ƙafata ce ta yi sanyi. Da na buɗe baki a lokacin, da ko ƙofar gida ba ta bar ni na taka ba. Amma in ce me? In ce na yi mata ƙarya? In haihu a ɗakin miji, surukai na jin nishina ta katanga? Na cije, na yi lulluɓi har ido ɗaya kawai ke waje, muka bi bayan Malam zuwa bakin kasuwa.

Muna isa, Malam ya sa mu muka tsaya a inuwar wata rumfa, ya nufi direba da matashin a hammata. Bai kai ba na ga ya yi turus, ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa a ƙasa. Na leƙa. Inna lillahi! Mahaifina ne tsaye a jikin mota da sandarsa, shi da wani amininsa mai ɗingishi. Ashe tun asuba suka koro wani bijimi daga Shagari suka kawo kasuwa, sun sayar, suna shirin komawa da ƙafa kamar yadda suka zo. Direba ya hango su, ya san ko su waye, ya haɗa da abin da aka gaya masa, ya taho da gudu ya karɓi buta da buzun Baba.

"Ranka shi daɗe, ai an aje muku wuri gaba. Surukinka ya biya buƙata tun wancan mako."

Baba ya dubi Malam da ke durƙushe. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haske haka ba. Shi mutum ne da bai taɓa shiga mota ba, kuma ba mai yawan magana ba ne, balle da suruki. Amma ranar ya ce, "Kai, yaro, ashe ka ji muna tahe? Allah shi yi maka albarka. Allah shi ba ka masu yi maka." Amininsa ma ya kama sa albarka, mutanen tasha na amsawa. Malam kansa a ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana cewa amin, amin. Wane suruki ne zai ɗaga kai a nan ya ce Baba sauko, ba kai aka ajiye wa ba, ɗiyarka ce mai ciki? Ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai iya ba.

Gwaggo ce ta yunƙura. Ta ce, "Wannan shirme na, bari in yi wa direba magana." Na damƙe zaninta da hannu biyu. Ni ce 'yar fari a wurin Baba. Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama inda nake zaune ba, kakata ce ta raine ni, in muka haɗu a zaure shi ya kau da kai ni in rakuɓe. Yau kuma a tsayar da ni gabansa a bainar kasuwa, da ciki, a ce ya sauka ya ba ni wuri? Na ce, "Gwaggo, don girman Allah ki rufa mini asiri. Lafiyata lau. Baya ma ya yi." Ta dube ni, ta yi tsaki, na ga tana lissafi a ranta da watannin da na ba ta. Ta ce, "To, ai da saura. Mu tahi." Muka zagaya ta bayan mota, wasu mata biyu masu sayar da daddawa suka ja ni sama, na zauna a kan buhu na juya wa gaba baya. Malam ya miƙo matashin ta gefe, bai iya ko kallona ba.

Hanyar a lokacin ba kwalta, jar ƙasa ce da tsakuwa, leburorin En'e, wato hukumar gargajiya, na zuba wa ramuka ƙasa damina na kwashewa. Mota ta ɗauki gargada, buhuna na tsalle muna tsalle. Ga rana, ga warin albasa, ga na daddawa, ga maza cike a ɗaya gefen suna hira. Ciwon da ke zuwa ya tafi ya daina tafiya da nisa. Na tura gefen mayafi a baki na cije. Ina jin muryar Baba daga gaba sama-sama yana dariya da amininsa, wai itatuwa ne ke gudu. Duk ramin da muka faɗa sai in ce ya Allah ka kai ni ɗakin Inna mahaifiyata, ko a bakin ƙofa ne. Ban roƙi lafiya ba, ban roƙi ran abin da ke cikina ba, ku ji wauta, rufin asiri kawai nake roƙo.

Mun wuce rabin hanya motar ta faɗa wani kwari ta fito, sai na ji abu ya fashe, ɗumi ya bi ƙafafuna ya jiƙa buhun da nake kai. Ɗaya daga cikin masu daddawa ta gani, ta taɓa Gwaggo. Gwaggo ta ɗaga mayafina ta ga fuskata, ta sa hannu ta taɓa cikin. Ba zan manta kallon da ta yi mini ba.

"Ke! Wata nawa kinka ce mini?"

Na faɗa mata gaskiya, ina kuka. Ta ce, "Kin kashe ni, ɗiyar ga, kin kashe kanki!" Ta miƙe a kan buhuna, tsohuwa da ita, ta rarrafa ta tsakiyar maza, ta kama dukan rufin direba da kwano tana ihu a tsaya. Motar ta tsaya a gindin wani gawo, ba gida ba rijiya, sai gonaki da aka girbe. Gwaggo ta ce duk namijin da ke nan ya sauka ya yi gabas. Suka dira suka watse. Matan nan uku suka sauko da ni kamar buhu, mayafina ya maƙale a ƙusa ya zame. A daidai nan Baba ya zagayo da sandarsa yana tambaya mi ya hwaru. Muka haɗa ido.

Na so ƙasa ta buɗe. Wallahi a wannan lokacin kunyar ta fi naƙudar ciwo. Ya tsaya kamar an kafe shi. Ya dube ni, ya dubi buhunan da na sauko daga kai, ya waiwaya ya dubi ƙofar gaban mota da ya bari a buɗe. Gwaggo, wadda ita ma suruka ce a wurinsa kuma ba su taɓa doguwar magana ba, ta daka masa tsawa kamar ɗanta. "Kai, ba tsayi za ka yi ba! Ba mu da abin kariya, ga mutane!"

Sai na ga Baba ya jefar da sanda. Ya tuɓe babbar rigarsa, ya warware rawaninsa, abin da ko a cikin gida ban taɓa ganin kansa ba shi ba. Ya ɗaura bakin rawanin a jikin mota, ya ja ya ɗaura ɗayan a gawo, ya rataya rigar a kai ta zama labule. Ya juya mana baya ya tsaya a rana, kai ba ko hula, furfura a waje, daga shi sai 'yar shara. Wani ya matso wai zai ba da shawara, Baba ya ce masa, da wata murya da ban san yana da ita ba, in ya ƙara taku ɗaya sai ya karya shi.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na san dai na daina cije mayafi, na yi ihu, kuma Baba na ji. Da abin ya zo, ɗiya ce, amma ba ta yi kuka ba. Na ji Gwaggo ta yi shiru, masu daddawa sun fara salati ƙasa-ƙasa. Nan ne hankalina ya dawo jikina. Nan ne na gane abin da na saka a caca tun safe, tun ranar surfe ma. Na ce a raina, ya Rabbi a tara duk Shagari da Boɗinga su kalle ni, ka dai bar mini ita. Gwaggo ta juya ta, ta sa yatsa ta share mata baki, ta hura mata iska, ta watsa mata ruwan gora. Can sai ga 'yar murya kamar ta ɗan akuya, sannan ta buɗe maƙogwaro sosai. Ta bayan labule na ji Baba ya ce alhamdu lillahi. Gwaggo ta nemi abin yankan cibi, ya zaro wuƙarsa ya miƙo ta baya, bai juyo ba.

Aka binne mabiyiya a gindin gawon. Aka naɗe jaririyar da rawanin, ni aka lulluɓe ni da rigar, aka sa mu gaban mota ni da Gwaggo. Amininsa ya hau baya da ɗingishinsa. Direba ya roƙi Baba ya hau ko a kan buhu ne, ya ce a'a, a tafi. Ya ɗauki sandarsa ya bi hanya da ƙafa. Haka ya shiga Shagari gab da magariba, dattijo mai jama'a, kai a buɗe ba riga, ya ratsa ta gaban masallaci mutane na alwala. Kafin ya iso labari ya riga shi. Abin da na ɓoye wa tsohuwa ɗaya a tsakar gida, sai da garuruwa biyu da duk ƙauyukan da ke tsakani suka ji shi. Har daga Horo Birni mata suka zo barka don su ga wadda ta haihu a motar albasa. Ɗiyar ma an laƙa mata suna a kan haka, ba zan faɗe shi ba, don yanzu ita ma kaka ce kuma ba ta son a tuna.

Malam kuwa da direba ya kai masa labari, sai ya rufe shago ya shige ɗaki, ya daɗe bai iya bin hanyar tasha ba. Gwaggo ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba sai da harara, tana gasa ni da ruwan zafi tana cewa da ta rasa jinjirar nan a hannunta da ba ta sake karɓar haihuwa ba har ta mutu. Kakata ce kawai ke dariya, tana cewa ta gode da na kawo mata kishiya mai warin albasa.

Baba bai taɓa yi mini zancen ba. Ina cikin wanka, wata safiya Inna ta shigo da kunun kanwa ta ajiye, ta zauna a bakin gado, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Mahaihinki ya ba ni saƙo." Na ce a raina yau faɗa ya zo. Ta ce, "Cewa ya yi in tambaye ki, shi da ya tahi Boɗinga da ƙahwa, mi za shi hana shi dawo da ƙahwa? Ya ce tun ran nan bai yi barcin kirki ba. In ya rufe ido sai ya ji kanshi yana dariya a gaba, ke kina baya." Na kifa kaina a kan gwiwa na yi kukan da ban yi ba ko a gindin gawo. Ni a zatona girmama shi nake yi da na yi shiru, ashe kaya na ɗora masa, kuma da shi ya koma ga Allah.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan. Kunya abu ne mai kyau, da ita aka raine mu, kuma ban ce a yar da ita ba. Amma in rai ya shiga cikin magana, a buɗe baki, ko gaban wa ake. Mu uku muka yi shiru a tashar nan, ni da Malam da Gwaggo, kowa na ganin ladabi yake yi, saura kaɗan mu binne jaririya a bakin hanya. Shi ya sa duk ɗiya ko jika ko matar jika da ta yi ciki a gidan nan, ni ke kiran ta ɗaki in rufe ƙofa. In ta sunkuyar da kai ta ce ba ta sani ba, sai in ɗago haɓarta da hannuna in ce dube ni nan, ni ma na taɓa cewa ban sani ba. Ba ta fita sai ta faɗa mini gaskiya.